Jama'a a taimaka: me za mu kira wildlife conservation da Hausa?

Salam 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a sashen gandun daji, kuma burina in Allah ya yarda in wuce digiri na biyu a cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, in zama mai bincike a wannan fannin. Matsalar ita ce duk wanda ya tambaye ni a gida me nake karantawa sai in tsaya ina kame-kame, wasu sun ɗauka gidan zu zan yi aiki, wasu kuma sun ce ashe farauta ake koya mana. Ina son kalma ɗaya da zan faɗa wa Kawu a ƙauye ya gane ba sai na yi lacca ba.

Bari in faɗi aikin tukuna don masu ba da shawara su san abin da ake raɗa wa suna. A Yankari ana ɗaura wa giwa abin wuya mai na'ura don a san inda garken ya nufa, a gargaɗi manoma tun kafin ya afka gona. Ana kafa kyamara a jikin bishiya ta ɗauki duk abin da ya gifta da dare. A fadamun Haɗeja da Nguru ana ƙirga tsuntsayen da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi, wasu a sa musu zobe a ƙafa. Kashin giwa ma ƙirga shi ake yi, da shi ake kintatar yawansu, kuma eh, na san za ku yi dariya.

Toh amsoshi sun fara shigowa. Mafi yawa sun ce "kare namun daji". Ni dai ban karɓa ba, kuma dalilina na masu waya ne: rabinmu ba ma sa lanƙwasa in muna rubutu, don haka kare da ƙare duk ɗaya suke fitowa, sai ka rubuta kana son kare giwayen Yankari wani ya karanta kana son ƙare su. Ga kuma kare mai haushi a gefe yana jira. Ban da haka kariya aikin masu gadi ne da bindiga, ɓangare ɗaya kenan cikin aikin.

Wata Anti ta ce "kiyaye namun daji". Anti na gode, yana da daɗin faɗa, amma in an ce wa Bahaushe ka kiyayi abu, nisanta ake nufi, kamar ka kiyayi rijiyar nan. In aka rubuta shi a allo a bakin daji wallahi wasu za su ɗauka gargaɗi ne su gudu. "Adana" kuma na kayan da ba sa motsi ne, takardu, kayan tarihi, abin da za ka sa a akwati ka rufe.

Wani ya kawo "killacewa", wannan kam na ƙi shi gaba ɗaya, kuma a nan zan ɗan daɗe. Ku dubi raƙuman dawan Kure a Nijar, kilomita kusan 60 daga Yamai. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya na wannan jinsin, yanzu sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi. Waɗannan raƙuman ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo, suna cin ganyen bishiya wani lokacin su yi wa manomi ɓarnar wake, masu bincike kuma suna gane kowanne da zanen jikinsa. Abin da ya cece su shi ne an hana kashe su kuma an sa mutanen ƙauyukan sun ga amfaninsu. In muka ce killacewa mun cire manomi da makiyayi daga maganar, alhali su ne rabin aikin.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya ce "alkinta", ya ce gidajen rediyo ma suna cewa alkinta muhalli. Ranka ya daɗe Baba, wannan kalma ce mai nauyi kuma ba ni da ja a kanta, sai dai na gwada ta a kan abokan ajinmu wasu ba su taɓa jinta ba, kuma ta fi zama da muhalli gaba ɗaya, shara, hayaƙi, dashen itace.

Ni abin da ya kwanta min shi ne wanda wani Yaya daga Damagaram ya kawo: tattali. Tattalin namun daji. Na san za a ce ai tattali na arziki ne, toh ai shi ya sa nake so. Uwargida mai tattali tana ɗiba daga rumbu kullum amma ba ta taɓa iri, kuma hatsin ya kai ta kaka. Masunci a Nguru zai ci gaba da kamun kifi, makiyayi zai ci gaba da kiwo, magana ce ta yaya za a ɗiba a bar na baya. Yayan ya ƙara da cewa a wajensu barin tsiron gawo da sauran itatuwa su tashi a gona ana ce masa sassaben zamani, kuma sunan ya kama bakin manoma ne don daga kalmarsu ta gona aka ɗauko shi. Tattali ma haka, kowa ya san ta tun yana yaro.

Saura rabin na biyu. Wasu sun ce "namun daji" yana tuna wa mutum tukunya, a ce dabbobin daji. Gaskiya ne akwai nama a ciki, amma haka Hausa ta daɗe tana kiran giwa da ɓauna da gwanki, ba zan gyara mata baki ba. Inda ya gaza shi ne tsuntsu da tsiro, ba mai ce wa gauraka ko ungulu naman daji, ga shi su biyun suna cikin waɗanda suka fi ɓacewa a Arewa, yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Don haka ga yadda zan riƙa amfani da su: a baki da rubutun yau da kullum, tattalin namun daji. In ana maganar fannin karatun da ya haɗa tsuntsaye, kifi da itatuwa, ilimin tattalin halittun daji.

Abin da har yanzu ba mu samu ba shi ne sunan mai aikin. "Malamin daji" tuni ma'aikatan gandun daji suka riƙe shi, "mai binciken tattalin namun daji" kuma kafin ka gama faɗa an tashi daga zaman. Wani ya ce "matattali", na faɗa a baki na ji kamar ina tuntuɓe. Masu nazarin Hausa na BUK da ABU da Sakkwato, dan Allah ku leƙo, wannan ɓangaren naku ne.