Bindigar Baba mai ƙusumbi: a gyara ta, a sayar ko yaya?

Ɗan Jahun: Salamu alaikum jama'ar zaure, dan Allah shawara nake nema. Allah ya yi wa Babanmu rasuwa ranar Talata, jiya bayan sadakar uku muka buɗe ɗakinsa sai ga bindigar farautarsa a bayan wadrob naɗe cikin tsohon bargo. Mai baki ɗaya ce amma ba irin wadda ake karyawa a sa harsashi ba, ta ƙasa ake cusa mata, kuma bayanta akwai wani tudu kamar ƙusumbi. A jiki an rubuta Fabrique Nationale Herstal da Browning. Ƙanina ya ce a kai wa mai fenti ta dawo sabuwa, wani maƙwabcinmu kuma tun ɗazu yake zarya wai zai saya yau yau ɗin nan.

Kawu na Darazo: Allah ya jiƙan malam, ya sa ya huta. Ɗana kafin komai kar ka bari yaro ya taɓa ta, kai ma kar yatsanka ya je kusa da kunama, bakinta kuma kar ya kalli kowa. Irin wannan ko ka duba ɗakin harsashi ka ga wayam, tana iya ɓoye wasu a bututun ƙasa. Ka kulle ɗakin ka sa makulli a aljihu sai wanda ya san ta ya zo ya sauke ta.

Yaya na Hustan: Allah ya gafarta masa. Ƙanina, abin da ka kwatanta Browning Auto-5 ce, babu tantama, ƙusumbin nan shi ne shaidarta. John Browning da ya ƙirƙiro ta ya yi mata rajistar mallakar ƙira a 1900, ya kai wa kamfanin Winchester suka ƙi yarda da sharaɗinsa na a riƙa ba shi kaso kan kowace aka sayar, ya tafi kamfanin Remington, yana zaune yana jiran ganin shugaban kamfanin sai aka ce mutumin ya faɗi ya mutu, a farkon 1902 kenan, shi ne ya tsallaka Beljiyam wajen kamfanin FN, wato Fabrique Nationale ɗin da ka gani a jiki. An yi ta ƙera ta har 1998, sai dai daga tsakiyar shekarun 1970 aikin ya koma Japan wajen kamfanin Miroku. Biyar ɗin da ke sunanta harsashi ne, huɗu a bututu ɗaya a ɗaki. Masu tara bindigogi a nan Amurka ta Beljiyam suke so. Shi kuma ƙanin naka a riƙe shi wlh, fenti shi ke kashe darajar tsohuwar bindiga.

Maƙerin Bakin Kura: Hhh wannan magana ta fenti ta taɓo min tsohon miki. Ina saurayi aka kawo wa maigidana wata tsohuwar mai baki biyu ta Ingila a duba mata kunama, shi ya tafi masallaci, ni kuma da rawar kai na ɗauko samfefa na goge bakin tas har yana ƙyalli kamar cokali, na bi ƙotar da baƙin man mota. Da ya dawo bai ce min uffan ba, ya ɗaga ta a rana ya nuna min inda hatiman shaidar gwajin ƙarfinta suke a da, na shafe rabinsu. Mai ita ya ƙi karɓa sai da aka biya shi. Shuɗin nan da ya koɗe a inda hannu ke riƙewa ka bar shi, tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki ya isa ƙarfen, kuma kar man ya gangara cikin katako, yana jiƙa shi ya yi baƙi ya ruɓe.

Lauya: Allah ya jiƙan Baba. Ku yi haƙuri zan ɗan kwantar muku da zumuɗi. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Ta toka irin su adaka, kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izini. Ta farauta mai baki ɗaya ko biyu da ake karyawa, lasisinta na Sufeto Janar ne. Amma dokar ta cire wadda ke ɗura wa kanta harsashi da duk mai wata na'urar ɗurawa daga wannan rukuni, sun faɗa cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. To Auto-5 nan ta faɗa. Sannan lasisi ba a gadonsa kamar gona, idan mai shi ya rasu kwana 14 doka ta ba magada su riƙe, kai kuma yau kwana huɗu. Ka lalubo takardun Baba a akwatinsa, ka samu lauya ko wani dattijo a dangi ku je hedikwatar 'yan sanda ku sanar a rubuce, kar ka saɓo ta a kan mashin tukuna, su za su faɗa maka yadda za a kai ta ma'ajiya, kuma ka karɓi rasit mai lambar jikinta. Maƙwabcin nan ka ce masa ya yi haƙuri.

Ɗan Jahun: Ikon Allah, ni fa na ɗauka kamar agogonsa ce da rediyo, a sa cikin rabo.

Kawu na Darazo: Mai saye da gaggawa irin haka ko ya san darajarta ne yana so ya yi maka wayo, ko kuma akwai inda zai kai ta da ba ka so a ji sunan gidanku. Lambar jikinta sunan mahaifinka take ɗauke da shi har gobe.

Ɗan Azare: To Yaya mu dai a ba mu labari ko ba za mu mallaka ba, ku can ina kuke samun araha? Kullum sai ka turo hoton wata.

Yaya na Hustan: Hhh ai uku ne kawai, uwargida ta ce ta huɗu ta shigo ita ta fita. Ni shagunan jingina nake bi da gwanjon kayan mamata, musamman bayan an rufe lokacin farautar agwagi mutane na neman kuɗi, kuma a shago sai ka cike fom an bincike ka kafin a miƙo maka. Sirrin dai kar ka bi suna. Remington Model 11 tsarin Browning ɗin ne sak, an yi ta daga 1905 zuwa 1947, haka Savage 720, amma da yake ba a rubuta Beljiyam a jiki ba kuɗinsu ƙasa yake sosai. Ita kuwa Sweet Sixteen, wato Auto-5 marar nauyi mai lamba 16 a ma'aunin faɗin baki, kowa ita yake nema, ba a samunta da sauƙi sai wajen wanda bai san me yake riƙe da shi ba. Abin da na fara dubawa katakon gaba ne, don wannan bindiga in ta tashi bakin gaba ɗaya yake ja da baya ya dawo, akwai zoben tagulla a kan bututu da ke rage masa gudu, ana jera shi daban don harsashi mai ƙarfi daban don mara ƙarfi, in aka jera ba daidai ba ko aka tula mai a wurin, bakin ya riƙa dukan katakon kenan har ya tsage. Na taɓa samun wata mai shago ya ce min ta lalace ba ta tofar da kwanso, na biya kuɗin gawa, na je gida na kwance ashe busasshen giris ne ya daskare kamar ƙanzo, wanki kawai ta sha. Remington 1100 ta 1963 ma haka, da hayaƙin harbi take aiki, sau da yawa ɗan zoben roba ne ya mutu. Tsofaffin lamba 16 kuma a auna ɗakin, wasu milimita 65 ne, harsashin yanzu mai 70 bai dace da su ba.

Ɗan Azare: Akwai wadda ko kyauta ba ka so?

Yaya na Hustan: Winchester 1911. Da suka rasa Browning sai suka yi tasu, amma mariƙin ɗanawa na gefe yana cikin rajistarsa, dole suka yi ta yadda sai ka kama bakin ka danna shi baya kafin ta ɗana. Mutane su kafa gindin a ƙasa su danna bakin yana kallon fuskarsu. Turawa har laƙabi suka yi mata, mai mayar da mata zawarawa.

Maƙerin Bakin Kura: Subhanallah. Mu nan dai wanda ke da lasisi, Baikal ta Rasha mai baki ɗaya ita ce jakin maharba, ba kyau sai juriya. In tsohuwar mai baki biyu ce, cire katakon gaba ka girgiza, in ka ji tana ƙwas ƙwas maƙullin ya ci. Cire bakin ka rataya a yatsa ka ƙwanƙwasa, lafiyayye ƙara yake kamar ƙararrawa, wanda dalmarsa ta saki sai ka ji dum. Ka leƙa ciki ta hasken rana ka bi da yatsa ta waje ko akwai kumburi. Mai zanen murɗe-murɗe a jikin ƙarfen kuma ta ado ce, kar a sa mata harsashin zamani. Damina tsatsa, hunturu katako ya tsage, gara kuma ba ta san Beljiyam ba.

Lauya: A ƙara da cewa a 2023 Sufeto Janar ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka duk mai sha'awa ya fara zuwa ya tambayi inda aka kwana, kuma sana'ar cinikin bindiga ta dila mai rajista ce kawai.

Ɗan Jahun: Na gode ƙwarai. Yanzu Hajiya ta miƙo min wata jakar fata, akwai ɗan littafi mai hoton Baba yana da gashi baƙi ƙirin da rasitai a ciki, ban ma iya karantawa ba hawaye. Barista zan turo maka ta gefe ka duba min, Litinin sai mu je da baffana.

Yaya na Hustan: Kafin a ɗauke ta ka ɗaukar min hoton lambar da ke ƙasa gaban inda ake cusa harsashi, da hatiman gefen bakin, ta gefe ba a zaure ba, zan duba maka shekarar da aka ƙera ta.

Kawu na Darazo: Ba shi zai ɗauka ba sai na zo na sauke ta. Gobe bayan azahar ina Bauchi, a ajiye min fura.