Sabuwa fil ko tokunbo, in kuɗin ɗaya ne?

Abban Hanan: Salamu alaikum jama'a. Wlh akwai abin da yake cina tun ranar Asabar, in ban faɗa ba hankalina ba zai kwanta ba. Kun san na canja mota, na je Legas na ɗauko GAC GS8 sabuwa fil, ledar kujeru ma ban gama cirewa ba, ga garanti a rubuce. To mun je ɗaurin aure sai ƙanin matata, yaron da ni na biya masa kuɗin makaranta, ya zagaya motar a gaban mutane ya ce wai Yaya da wannan kuɗin ai da Lexus RX 350 ka saya tokunbo ko Marsandi, me ya kai ka ga 'yar China. Kuma na duba Lexus ɗin kafin in saya, kuɗin kusan ɗaya ne. Amma ni maganata ɗaya ce, in dai kuɗi ɗaya ne sabuwa ta fi, ba zan tara gumina na shekaru in je in zuba a kan gwanjo ba, motar da wani ya gama morarta shekara bakwai takwas ya rabu da ita. Ku faɗa min in ba haka ba ne.

Alhaji Ɗan'iya: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Amma ƙanina ka janye kalmar nan. Lexus ce gwanjo? Ni sana'ata kenan tun kana firamare, da ita na aurar da 'ya'yana, kana nufin ɗan gwanjo ne ni?

Maman Ihsan: To Alhaji in ba gwanjo ba mece ce? Abin da wani ya yi amfani da shi aka kawo kasuwa ai sunansa kenan. Rigar da aka kwance daga dila ko ta wane kamfani ce gwanjo ake ce mata, ba wanda ya taɓa jin haushi.

Alhaji Ɗan'iya: Hajiya ki tsaya a kan abin da kika sani. Mota ba riga ba ce.

Maman Ihsan: Na san abin da nake faɗa Alhaji. Motocin nan da yawansu a Copart da IAAI ake sayo su a Amurka, kuma waɗannan wuraren gwanjo suke yi a zahiri, a sa mota mutane su yi ta tayi wanda ya fi tsada ya ɗauka, akasari kamfanonin inshora ne suke kai motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Ni ba zagi na yi ba.

Baffa Legas: A'a Hajiya kin haɗa abu biyu. Tokunbo daban, wadda aka hau a gida daban. Tokunbo kalmar Yarbawa ce, abin da ya zo daga ƙetaren teku, ba ta taɓa taka ramin titinmu ba, ba ta taɓa shan man bumburutu ba, ba bakaniken da ya taɓa sa mata guduma. Ki zo kasuwar motoci ta Berger a nan Legas ki gani da idonki, wata in kin buɗe ƙofa ƙamshinta kawai ya ishe ki. Wadda aka hau a nan aka wanke aka sake fenti, ita ce za ki ce wa gwanjo in yarda.

Nura Ɗan Fagge: Ƙamshin nan fesa shi ake yi Baffa, kowa ya sani.

Baffa Legas: Kai ka taɓa zuwa Berger ɗin?

Nura Ɗan Fagge: Sai na je? Na gani a bidiyo, wani ya nuna yadda suke yi gaba ɗaya har da yadda ake mayar da mita baya da kwamfuta.

Baffa Legas: To turo bidiyon.

Nura Ɗan Fagge: Na goge, waya ta cika.

Abban Hanan: Jama'a ni fa tambayata a kan kuɗi ɗaya wacce ta fi, ba a kan suna ba.

Sani Bakanike: Yallaɓai Abban Hanan bari in sa baki tunda mu ne a ƙarƙashin motocin nan kullum. Gaskiya ita RX 350 injinta 2GR ne, silinda shida, lita 3.5, shi ne dai a cikin Highlander da Avalon da Sienna da Camry mai silinda shida, don Lexus ai Toyota ce take yin ta tun 1989. Sarƙa ce a cikinsa ba bel ba, in kana yi masa juye a kan lokaci da mai mai kyau zai daɗe ƙwarai. Kuma in wani abu ya lalace yau, in na tura yaro Ƙofar Ruwa kafin la'asar ya dawo da shi, sabo ko na Beljiyam ka zaɓa. Taka kuwa in aka goge maka fitila ko madubi sai dai a jira daga Legas ko Abuja, wannan ita ce damuwar. Amma fa kar Alhaji ya yi murna, maganar Hajiya ma tana kan hanya. An taɓa kawo min wata jif fes da ita a ido, mai ita yana ta kukan fitilun dashbod suna kamawa suna mutuwa, gilas ya ƙi sauka yau gobe ya sauka da kansa. Na kwance kujerar gaba na ɗaga kafet, wlh laka ce busasshiya a kwance a ƙasan, kusoshin layin kujera duk sun yi tsatsa, na ja bel ɗin kujera har ƙarshe sai ga shatin ruwa a jikinsa. Motar ambaliya ce. Bayan guguwar Harvey da ta cinye Houston a 2017 mun ga irinsu da yawa, kuma motar da ruwa ya shiga wayoyinta da ƙwaƙwalwarta ba ta warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa.

Alhaji Ɗan'iya: Sani ba a wurina aka saya ba dai ko.

Sani Bakanike: Ban ce ba Alhaji.

Nura Ɗan Fagge: Shi bai ce ba amma ni zan ce. Alhaji motar da ka sayar wa yayana bara har yau ba ka kawo cikon takardun kwastam ba, sau nawa ana tsare shi a hanyar Zariya, la'ada kuwa tun a ranar ka karɓa cif.

Alhaji Ɗan'iya: Nura kai yaro ne, ba da kai na yi ciniki ba. Yayanka ya san gidana. Kuma shi ya gama biyan kuɗin motar ne da za ka zo nan kana min tonon silili?

Kabiru Shugaba: Don Allah maganar bashi a kai ta waje, ba wurinta ba ne nan.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum. Ni dai wagga kalma ta gwanjo ban yarda da ita ba. Mu nan Maraɗi rabin gari da motocin Kwatano suka ci abinci, daga tashar jirgin ruwa a biyo ta Malanbil a ƙetare gada zuwa Gaya a iso nan, ku mutanen Kano da Katsina ku zo ku ɗiba. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Binin a 2023 kowa ya ji a jikinshi, direbobi da dillalai da masu wanki duka. Sana'ar da ta riƙe gidaje haka ba a ce mata gwanjo.

Nura Ɗan Fagge: Yawwa ka faɗa da bakinka. Ai tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, sai ta ruwa, to duk wadda ta biyo ta wajenku bayan nan ta wace hanya ta shigo? Shi ya sa takardu ba sa cika.

Isuhu Maraɗi: Mu a ƙasarmu da takarda take shigowa. Abin da ya faru bayan ta bar Ɗan Isa ku tambayi kanku, ba mu ke tuƙa ta cikin daji ba.

Malam Garba Kakuri: Yara duk kun bar hanya. Da mun riƙe abinmu da ba a wannan musun. Ni na yi aiki a kamfanin Fijo na Kaduna, tun 1975 ake haɗa mota a nan Kakuri, 504 sabuwa dal malamin makaranta yana samun bashin mota ya saya, ya hau ta shekara ashirin ya bar wa ɗansa. A lokacin wa yake kallon motar da wani ya hau? Ni ina bayan Abban Hanan, sabuwa sabuwa ce, ko ba komai kai ka san tarihinta daga ranar farko. Kuma Sani ka daina cika baki da Ƙofar Ruwa, abin da babu a can ka zo Panteka a ƙera maka shi.

Sani Bakanike: Baba da girmanka, ƙwaƙwalwar mota ba a ƙera ta a Panteka. 'Yan Panteka da kansu Kano suke zuwa sari.

Malam Garba Kakuri: Ƙarya ne wannan, kasuwar Ladipo ta Legas suke zuwa, ku ma can kuke zuwa.

Baffa Legas: Baba ya faɗi gaskiya a nan, dukkanku wajenmu kuke zuwa.

Abban Hanan: Ikon Allah. Ba wanda ya yi maganar mai fa. Tawa lita 2.0 ce mai turbo, kujera bakwai, iyalina gaba ɗaya muna shiga, RX ɗin da na gani kujera biyar ce kuma silinda shida, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 wa yake wasa da silinda shida? Ga garanti, in inji ya samu matsala kamfani zan mayar wa, shi mai tokunbo wa zai mayar wa, Alhaji?

Alhaji Ɗan'iya: Ka kawo min ita bayan shekara uku ka ji nawa za a taya. Ni Lexus ko tsakar dare na sa ta a kasuwa kafin gari ya waye an biya, taka sai mun yi wata muna neman mai so. Kuma irin kamfanin motarka ne gwamnatin Legas ta zuba a tsarin tasinta na LagRide, motar haya ka saya kake ce wa ta manya ragowar wani.

Maman Ihsan: Ba irin tasa ba ce a LagRide, ƙananan ne. Kuma in haya aibi ce Toyota nawa ne suke haya a Abuja? Sannan masu raina China, Volvo tun 2010 kamfanin Geely na China ne ya saye ta, wayar da ke hannunka ma Alhaji ka juya bayanta ka karanta.

Alhaji Ɗan'iya: Hajiya ai mun san mijinki ma 'yar China ya saya shi ya sa.

Maman Ihsan: Kar ka sako mijina a ciki Alhaji, ban sako iyalinka ba. Kai ma ai don kana sayar da su ne kake ta kumfar baki tun ɗazu.

Sani Bakanike: Wanda duk zai sayi tokunbo dai ya karɓi lambar shasi, harufa da lambobi 17 ne, tana jikin gilashin gaba ta gefen direba, a duba ta a Carfax, shafin intanet da ke nuna tarihin mota, in ta yi hatsari ko ruwa ya ci ta ko an taɓa mita yawanci zai nuna in dai daga Amurka ta zo. Dillalin da ya hana ka lambar ka kama gabanka. Garanti kuma yallaɓai ka karanta takardar da kyau, yawanci sai a wurinsu za ka riƙa yin sabis, in ka kawo min na taɓa ta suna iya cewa ka karya sharaɗi.

Nura Ɗan Fagge: Alhaji turo mana lambar shasin motar yayana.

Alhaji Ɗan'iya: Motar tana ƙofar gidanku, fita ka karanta.

Kabiru Shugaba: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna don waɗanda ba su bi ba. Na farko, mafi yawan mutane sun yarda kalmar gwanjo ba ta dace ba, kuma ya kamata Abban Hanan ya ba Alhaji haƙuri don babba ne. Na biyu, masanin da ke cikinmu wato Sani ya tabbatar injin Lexus ya fi ƙarko kuma kayan gyaranta suna ko'ina, ita kuwa sabuwar sai an jira daga Legas. Na uku, wajen sayarwa tokunbo mai suna ba ta faɗuwa, ni kaina Marsandi ML 350 nake hawa tokunbo kuma ko jiya an taya ta. Maganar ambaliya da mita wannan tsautsayi ne da ba a cika samu ba in ka sayi mota a hannun mutumin kirki. Saboda haka a kuɗi ɗaya tokunbo ta manya ta fi, amma muna taya ɗan'uwanmu murna, Allah ya sa ya kashe da kansa. An rufe wannan maganar.

Maman Ihsan: Wane mafi yawan mutane Shugaba? Ni da Nura da Baba Garba da mai maganar mu huɗu ne, su Alhaji da Baffa da Isuhu uku, sai kai da ba ka ce komai ba sai yanzu. Kuma Sani cewa ya yi sun ga motocin ambaliya da yawa, a ina ya ce ba a cika samu ba? Maganar mai da garanti ina ka kai ta?

Abban Hanan: Ba zan ba da haƙuri a kan abin da ban yi ba, ban kira sunan kowa ba.

Sani Bakanike: Ni dai ban ce wata ta fi wata ba, kar a ɗora min.

Kabiru Shugaba: Na ce an rufe.

Nura Ɗan Fagge: A rufe, amma Alhaji gobe da safe zan zo wurinka da yayana a kan takardun nan, ƙarfe goma.