Tambaya: Yaya ake soya kaza da kashu irin na Sinawa ba tare da sitaci ya yi yawa ba?

Uwargida daga Zariya ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Watanni uku ke nan da likita ya shawarci maigidana ya rage cin sitaci da sukari saboda awon sukarin jininsa ya fara hawa, kuma tun daga lokacin nake ta neman abincin da zai ci ya ƙoshi ba tare da ya ji kamar horo ake yi masa ba. A cikin abubuwan da yake marmari akwai soyayyar kaza da kashu irin wadda ake sayarwa a gidajen abincin Sinawa, domin ya taɓa cin ta a Abuja, ya dawo yana ta santi. Na gwada sau biyu a gida, amma duka biyun ban ji daɗin abin da ya fito ba. Na yanka ƙirjin kaza, na haɗa da albasa da karas da koren tattasai da kashu, na juye su gaba ɗaya a kasko, sai ruwa ya fito ya cika kaskon, naman ya yi tauri kamar igiya, kashun kuma ya jiƙe ya yi laushi. Da na cire garin kwanfulawa, wato sitacin masara da ake kaurara miya da shi, saboda gudun sitaci, sai miyar ta tsinke ta ƙi kama naman. Ina neman wanda ya san kan wannan girki ya nuna mini inda nake kuskure, ya kuma gaya mini ko shi kansa kashun ya dace da mai rage sitaci.

Ɗan kasuwa mai zuwa Guangzhou ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Ni ba gwanin girki ba ne, amma na shafe shekaru ina zuwa sarin kaya Guangzhou, kuma na sha tsayawa a bakin ɗakin girkin ƙananan gidajen abinci na Musulmin Sin da ke unguwar Xiaobei ina kallon yadda suke aiki, har na koyi abin da nake yi wa iyalina yanzu. Kuskurenki na farko shi ne juye komai a lokaci guda. Wutar da suke amfani da ita a can tana ruri kamar zugazugin maƙeri, kaskonsu mai zurfi da suke kira wok kuma yana ɗaukar zafi nan take, saboda haka duk ruwan da nama ya fitar yana ƙonewa kafin ya taru. Murhun gas na gida ba shi da wannan ƙarfi, don haka idan kika cika kasko da rabin kilo na nama da kayan lambu, zafin zai faɗi, abin ya koma dahuwa maimakon suya.

Maganin abin shi ne ki raba aikin. Ki fara da kashun shi kaɗai a ɗan mai kaɗan a kan wuta marar ƙarfi, kina juyawa har ya yi ja-ja, sannan ki kwashe ki ajiye a gefe, kada ya sake ganin kasko sai an kashe wuta. Daga nan ki ƙure wutar, ki bar kaskon ya yi zafi har ya fara fitar da ɗan hayaƙi kafin ki zuba man gyaɗa, sannan ki shimfiɗa rabin naman ba tare da wani yanki ya hau kan wani ba. Ki ƙyale shi kamar minti ɗaya ba tare da kin taɓa ba, domin a nan ne yake yin wannan launin gashi da ƙamshin da maigida yake nema. Ki juya, ki ƙara minti ɗaya ko biyu, ki kwashe, ki yi wa ragowar rabin haka. Kayan lambu su ma su shiga su kaɗai, minti biyu ya ishe su, sai ki mayar da naman ki zuba haɗin miya. Ki tabbata kin tsane naman da kayan lambun da tsumma mai tsabta kafin su shiga mai, domin duk ɗigon ruwan da ya bi su yana kashe zafin kasko. Idan kina da kurfoti, gawayin da ya ruru sosai ya fi ƙaramin gas dacewa da wannan girki, na gwada duka biyun.

Abu ɗaya kuma: yawancin Sinawa suna sa giyar shinkafa ta Shaoxing a irin wannan suya, kuma za ki gan ta a jerin kayan haɗi da yawa. Ki bar ta, ki maye gurbinta da romon kaza cokali biyu da ɗan ruwan kal ko lemon tsami.

Malama mai koyar da ilimin abinci ta amsa:

Alhaji ya gama magana a kan wuta, ni kuma zan tsaya a kan lissafi, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Tsokar kaza ba ta da sitaci ko kaɗan, mai ma haka, saboda haka yawancin abin da ake gudu yana shigowa ne ta ƙofa uku, wato miyar, da kashun, da abin da aka ci girkin da shi.

Game da kashu, gaskiya ita ce yana cikin 'ya'yan itatuwa masu ɓawo da suka fi yawan sitaci. Giram 100 na kashu yana ɗauke da kusan giram 30 na sitaci da dangoginsa, alhali gyaɗa tana da kusan giram 16, kuma kusan rabin nata harza ce wadda jiki ba ya mayarwa sukari. Wannan ba ya nufin a haramta wa maigida kashu, sai dai a auna shi. Idan kika sa giram 60 a girkin mutum huɗu, wato kamar ƙwaya 40, kowa zai samu abin da bai kai giram 5 ba, kuma idan kika fasa kowace ƙwaya biyu kika barbaɗa a sama, ido zai ga kamar yana da yawa. Inda ake faɗawa rami shi ne a ajiye kwalbar kashu a gefe ana girki ana ɗan jefawa a baki.

Shi kuwa kwanfulawa, ina ganin kin tsorata da shi fiye da kima. Babban cokali ɗaya yana da kusan giram 7 na sitaci, ƙaramin cokali kuma bai wuce giram 2 da ɗoriya ba, kuma ƙaramin cokali ɗaya da aka dama da romo mai sanyi ya isa ya sa miyar ta yi sheƙi ta manne wa nama idan ba ta da yawa. A raba wannan ga mutum huɗu a ga abin da ya rage. Akwai garin xanthan da wasu suke amfani da shi a madadinsa, amma yana da wuyar samu a kasuwanninmu, kuma idan hannu ya zarce kaɗan sai miyar ta yi yauƙi kamar ta kuɓewa. Abin da ya fi cancanta ki sa wa ido shi ne kwalaben miya. Hoisin, wata miyar kwalba ta Sinawa mai kauri da zaƙi, tana da kusan giram 7 na sitaci da dangoginsa a babban cokali ɗaya, yawancinsa sukari, ita ma oyista sos za ki ga sukari a sahun farko na kayan da aka rubuta a jikin kwalbar, soya sos mai duhu kuma sau da yawa ana ƙara mata sukarin da aka ƙona. Haɗin da nake ba da shawara shi ne soya sos marar duhu babban cokali biyu, romon kaza cokali huɗu, ruwan kal ƙaramin cokali ɗaya, da ɗigon man riɗi a ƙarshe, tare da ɗanyar citta da tafarnuwa masu yawa.

Babbar ƙofar ita ce shinkafa. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa yana da kusan giram 45, wanda ya ninka abin da ke cikin rabon mutum ɗaya na suyar sau da yawa, don haka babu amfanin a yi ta faɗa da ƙaramin cokalin kwanfulawa sannan a cika faranti da shinkafa. Ina kuma roƙonki ki sanar da likitansa irin ragin da kuke yi idan an ɗora shi a kan magani, domin wasu magungunan sukari suna iya sa sukarin ya faɗi ƙasa da kima idan an rage sitaci farat ɗaya.

Hajiya mai abincin biki ta amsa:

'Yata, babu wanda ya tambaye ki wace irin kaza kika saya, kuma ina zargin a nan rabin matsalar take. Kazar gida, duk da ta fi ɗanɗano, ba ta nuna a minti uku, ita sai farfesu da doguwar dahuwa. Wannan girki na kazar gidan gona ne, kuma ko a cikinta ma na fi son cinya da aka zare wa ƙashi a kan ƙirji, saboda cinya tana da ɗan kitse, ba ta saurin bushewa ko da wuta ta ɗan zarce. Idan ƙirjin ne a hannu, ki yanka shi a gicciye da zaren tsokar, kowane yanki kamar kan babban yatsa, ki cuɗa rabin kilo da ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda, ki bar shi minti 20, ki wanke tas ki tsane. Kada ki wuce wannan lokaci, don na taɓa mantawa da nawa kusan awa guda ina karɓar baƙi, naman ya yi laushi kamar soso, da wani ɗanɗanon sabulu da babu yajin da ya iya ɓoye shi. Wanda ba ya son soda yana iya cuɗa naman da farin ƙwai ɗaya da ɗan soya sos, shi ma yana taimakawa.

Zan ɗan saɓa wa Malama a kan soya sos cokali biyu. Babban cokali ɗaya yana da gishirin sodiyam kusan miligiram 900, kuma masu fama da sukari da yawa suna haɗawa da hawan jini. Idan har za a sa cokali biyu, to kada gishiri ko dunƙulen ɗanɗano su kusanci kaskon, romon ma a dafa shi babu gishiri, kashun kuma a nemi wanda ba a barbaɗa wa gishiri ba. Karas da albasa ki rage su, domin kowannensu yana da kusan giram 9 zuwa 10 na sitaci da dangoginsa a giram 100, ki ƙara koren tattasai da lawashi. A maimakon shinkafa, ki yanka kabeji siriri ki soya shi sama-sama a kaskon da kika gama aiki da shi, ya kwashe sauran ɗanɗanon, ki shimfiɗa a faranti ki juye kazar a kai.

Ki kuma tambayi maigida ko wadda ya ci ɗin an tsoma naman a ƙullun fulawa an soya a mai da yawa. Idan haka ne, wannan salon Amurka ne, wanda wani mai girki ɗan asalin Sin, David Leong, ya shahara da shi a garin Springfield na jihar Missouri tun 1963, kuma ba shi ne zai dace da ku ba.

Uwargida daga Zariya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, kin canka daidai, karo na biyun kazar gida na yanka, ina ganin kamar gata nake yi masa. Jiya da daddare na sayi cinyoyi huɗu na kazar gidan gona, na soya su kashi biyu a kan kurfoti kamar yadda Alhaji ya ce, na auna kashu giram 60 a ma'aunin fulawata, na kuma yi amfani da ƙaramin cokali ɗaya na kwanfulawa. Ruwa bai taru ba ko kaɗan, kashun kuma yana ƙaras-ƙaras har ƙarshen cin abinci. Kuskuren da na yi shi ne na sa tafarnuwa tun farko tare da naman, sai ta ƙone ta kawo ɗan ɗaci, don haka a gaba zan jinkirta ta sai kayan lambu sun shiga. Maigida ya cinye nasa da kabejin, ya ce wadda ya ci a Abuja ba ta da ƙullun fulawa, sannan ya tambaya ko za a iya ƙara masa attaruhu guda biyu ranar Juma'a.