Jiran bizar zama na dindindin (green card) ta hanyar aiki a Amurka: abin da na tsinta

To, jama'a, kusan kowa ya ce ka fara riƙe ranar shiga layinka, wato ranar da kamfani ya shigar da takardar PERM (neman izinin Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka don ɗaukar baƙo aiki), ko I-140 (fom ɗin neman bizar a hukumar shige da fice) in babu PERM. Duk wata ka leƙa Visa Bulletin, wato sanarwar gwamnatin Amurka mai nuna ranar da layi ya kai, don layin yakan ja baya ma, ba wasa. Biza wajen 140,000 ce a shekara, kowace ƙasa iyakarta kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa 'yan Indiya ke shan jira, kuma ƙasar haihuwa ake dubawa ba fasfo ba, har ta matarka tana iya taimaka maka. In an amince da I-140, ko ka canza kamfani ranarka tana nan. Sabuwar shekarar rabon bizar 1 ga Oktoba take farawa.