Neman kalma: me za mu kira "visceral fat" da Hausa?

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ana shirya bayani kan ƙiba da ciwon suga a ƙasar Sin, sai wannan kalma ta gagara. "Kitsen ciki" ne ya fara zuwa baki, amma bai kwanta mini ba. Masana, a taimaka.

Likita: Wa alaikumus salam, Malam. Gara da bai kwanta maka ba. In ka ce kitsen ciki, mai karatu zai ɗauka teɓar da yake damƙa da hannu a gefen cibiya ake nufi, alhali ita a ƙarƙashin fata take, illarta da sauƙi. Wanda ake magana a kai yana can bayan naman ciki, ya lulluɓe hanji. Jinin da ya ratsa shi kai tsaye yake zarcewa hanta ta babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji. Sai maiƙo ya taru a hanta, ta daina jin maganar insulin, wato sinadarin jiki da ke daidaita suga a jini, ta yi ta zuba suga a jini ko ba a bukata.

Malamar jinya: To "tumbi" fa, Likita?

Likita: A'a, Hajiya. Tumbi abin da ido ke gani ne, kuma a nan Sinawa suka bambanta. Da yawansu suna tara wannan kitse tun jikinsu bai nuna ƙiba ba. Shi ya sa a awon BMI, wato a raba kilo da tsawo sau tsawo a mita, Sin ta sa iyakar nauyin da ya wuce kima a 24, ƙiba a 28, maimakon 25 da 30 na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ɗauki namiji mai tsawon mita 1.70 da kilo 68: lissafinsa 23.5, sikeli ya wanke shi. Amma in ƙugunsa ya kai santimita 92, ya haye layi, don ƙa'idarsu 90 ce ga maza, 85 ga mata. Ba wanda zai kira wannan mai tumbi.

Malamar jinya: Kuma awon ƙugun nan ne ake yawan ɓatawa. Ba inda wando yake zama ba ne. A laluba haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a zagaya tef a tsakiyarsu, mutum na tsaye, ba riga mai kauri, bayan ya saki numfashi. In ya shanye ciki, ko aka matse tef har ya nutse a fata, ko tef ya karkace ta baya, an yi aikin banza.

Malamin Hausa: Ni a ganina a tambayi mahauta. Duk wanda ya tsaya wurin fiɗar rago ya ga farin kitsen da ake yayewa daga jikin hanji, daban da na jikin fata. Hanji da hanta da ƙoda kuwa suna da suna ɗaya da kowa ya sani: kayan ciki. Don haka "kitsen kayan ciki". Ɗaya kuma "kitsen ƙarƙashin fata". Kada a ce maiƙo, shi a miya da hannu aka san shi.

Likita: Na amince, Allah ya ƙara basira. Malam, ka haɗa da alƙaluma don a ga girman abin: a 1980 masu ciwon suga a Sin ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, a ƙiyasin 2021 manya masu ciwon sun kai kusan miliyan 140. Ka kuma ambaci binciken birnin Da Qing da aka fara a 1986 kan mutum 577 da sugansu ya fara hawa. Cikin shekara 6, gyaran abinci ya rage kamuwa da ciwon suga da kashi 31 cikin 100, motsa jiki da kashi 46.

Mai fassara: Madalla, na gode. Na rubuta "kitsen kayan ciki". Saura "insulin resistance": wasu na cewa bijire wa insulin, wasu ƙin jin insulin. Hajiya, wanne majinyata suka fi saurin ganewa?