Ƙanena ɗan ƙwallon kwando ne, injiniya yake son zama: mu biya ejen ɗin nan?

Saƙo daga wata 'yar uwa, ta ce a sakaya sunanta:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Shawara nake nema a kan ƙanena. Shekararsa 17, bana ya gama sakandare a Zariya, ya ci A1 a lissafi, B2 a fiziks, B3 a kemistiri. Dogo ne sosai, ya kusa mita biyu, kuma tun yana aji biyu yake buga ƙwallon kwando. Burinsa ya karanta injiniyancin lantarki. Mahaifinmu ya rasu, Ummanmu abinci take sayarwa, ni kuma koyarwa nake a wata makarantar kuɗi.

Wani mutum ya gan shi a fili ya ce zai samo masa tallafin karatu a Amurka, amma sai mun ba da naira miliyan 2 na "buɗe fayil", kuma wai a rage masa shekara biyu a fasfo. Umma har ta fara zancen sayar da filin da aka bar mana. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai wannan tallafin da gaske? Kuma zai iya haɗa wasa da karatun injiniya?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Kada ku taɓa filin nan. Sayen kifi a ruwa ne. Wace jami'a ce? Wane koci ne? In bai iya faɗa muku ba, to ku rabu da shi.

Tsohon Koci: 'Yata, tallafin gaskiya ne, hanyar da mutumin ya kawo ce ƙarya. Kocin jami'a ne ke ba yaro gurbi, kuma ba ya karɓar sisi a hannun iyaye. Masai Ujiri a nan Zariyarku ya tashi, ya fara da wata ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, Bismarck State, a jihar Dakota ta Arewa, daga baya ya zama shugaban ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors har suka ci kofin NBA a 2019. Ita ma Tobi Amusan guje-guje ne suka kai ta jami'ar Texas ta El Paso.

Ga abin da zai yi. A ɗauki bidiyon wasansa, guntu na minti huɗu da kuma cikakken wasa guda, don koci yana son ganin yadda yaro yake idan ƙwallo ba ta hannunsa. Ya buɗe imel da sunansa na gaskiya, ya rubuta wa kociyoyi da kansa: tsawonsa, shekarunsa, sakamakon WAEC, da abin da yake son karantawa. Ya yi rajista a NCAA Eligibility Center, ofishin tantance 'yan wasa na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Jami'o'in NCAA rukuni uku ne; na ɗaya suna neman darussa 16 da matsakaicin maki (GPA) da bai gaza 2.3 ba, kuma za su nemi sakamakonsa tun daga JSS3, saboda haka ku je makarantarsa yanzu kafin takardu su ɓace a sito. Tun 2023 NCAA ta daina neman jarrabawar shiga jami'a ta SAT, amma wasu jami'o'in suna nema.

Maganar rage shekaru kuwa, wallahi kada ku yarda. Ranar haihuwarsa tana kan takardar WAEC. Ranar da aka ga fasfo ya saɓa, gurbi ya tafi, biza ta tafi. Sannan a lura: shekara ɗaya ake ɗaga wa yaro bayan gama sakandare, in ya wuce haka yana buga gasa, sai a fara zaftare masa shekarun wasa. In wani kulob ya taɓa biyansa kuɗi, ya faɗa da bakinsa.

Maman Sadiq: Ni tambayata ɗaya, wa zai kula da sallarsa da abincinsa a can? Yaro ɗan 17 fa.

Injiniya daga Houston: Maman Sadiq, wannan mai sauƙi ne, manyan jami'o'i kusan duk suna da ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Abin da ya fi damuna shi ne tambaya ta biyu da Anti ta yi, wadda kowa ke tsallakewa.

A takarda, dokar NCAA ta ce atisaye da wasa kada su wuce awa 20 a mako lokacin gasa. Amma tafiye-tafiye da zuwa wurin likitan ƙungiya ba sa cikin lissafin. Shi kuma injiniyanci yana da ɗakin gwaji na awa uku, galibi da rana, daidai lokacin atisaye. Na zauna da yara da suka zo da burin injiniya, zango biyu kacal aka lallaɓa su suka koma wani kwas mai sauƙi don kada makinsu ya faɗi a hana su wasa. Ba mugunta ba ce, koci aikinsa yake karewa. Don haka kafin ya sa hannu, ya tambayi kocin kai tsaye: 'yan wasanka nawa ne suka gama injiniyanci, kuma zan iya magana da ɗaya daga cikinsu? Ya kuma tambaya ko tallafin na shekara huɗu ne ko duk shekara ake sabuntawa, da abin da zai faru idan ya ji rauni a gwiwa. Ana haɗawa, ba na musu. Joshua Dobbs ya gama injiniyancin jiragen sama a jami'ar Tennessee yana buga ƙwallon Amurka. Amma irinsu sukan samu malami guda a sashensu da ke tsaya musu a kan jadawali. Wannan malamin ya fi takalma da rigunan da za a ba shi amfani.

Kuma ni da A1 ɗin nan tasa zan fi yin kasuwa, ba da tsawonsa ba. Jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da tallafin wasa kwata-kwata, amma suna ba da na karatu da na rashin hali. MIT ma, shahararriyar jami'ar injiniyanci, a nan take. Irin wannan tallafin, ko ya daina wasa gobe, ba mai karɓewa.

Abu Hanifa: Taura biyu ba ta taunuwa. Ya zaɓi ɗaya kawai.

Tsohon Koci: Malam Abu Hanifa, ɗan mai hali ne ke zaɓe. Wannan yaron ƙwallon ce za ta sa a buɗe imel ɗinsa.

Anti Malama: Ƙanwata, ku nemi EducationUSA, ofishin ba da shawarar karatu ne na ofishin jakadancin Amurka, suna Abuja da Legas. Suna da shirin Opportunity Funds da ke ɗaukar kuɗin jarrabawa da na neman gurbi ga yara masu ƙoƙari marasa hali, sai dai akwai gasa sosai. Kuɗin da na san ana biya na gaskiya su ne dala 350 na SEVIS, rajistar ɗaliban waje a Amurka, bayan jami'a ta aiko da takardar shaidar gurbi ta I-20, da dala 185 na biza. Babu wani "buɗe fayil". Kuma tun 2025 Amurka ta tsaurara biza ga 'yan Najeriya, don haka ku duba shafin ofishin jakadancin kafin ku kashe ko kwabo.

Shi ya sa nake cewa ya rubuta JAMB ko ta halin ƙaƙa. ABU tana bakin ƙofarku, ga injiniyanci ga ƙwallon kwando, ga gasar wasannin jami'o'i ta NUGA, ga bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024. Ya kuma gwada tallafin Mastercard Foundation a jami'ar Ashesi ko KNUST a Ghana. In ya gama digiri a gida da sakamako mai kyau, digiri na biyu a waje ya fi sauƙin samun mai ɗaukar nauyi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira mutumin na tambaye shi sunan jami'ar da na kocin, ya ce "sirrin aiki ne", ya kashe waya. Na karanta wa Umma amsoshinku, ta fasa maganar fili. Injiniya, don Allah ko za ka duba masa wasiƙar kafin ya tura?

Injiniya daga Houston: Ba damuwa, Anti. Ya rubuta da kansa tukuna, kada ki gyara masa komai, sai admin ya turo min. A haɗo da hoton sakamakon WAEC ɗin.