Wa ya taɓa zagaya tsohon garin Alƙahira? Ina neman shawara kafin in koma

Dan_Gangare:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni ɗalibi ne a Azhar, shekarata ɗaya da ƴan watanni a Masar, yanzu haka ina gida Jos hutu. Shekaran jiya da daddare muna zaune da kakata a ɗakinta ana ruwa, ta jawo kaskon wuta kusa da ƙafarta sai ta ce min wai na ziyarci kabarin Imamu Shafi'i? Na ce a'a Hajiya. Masallacin Amru ɗan Asi fa? Shi ma na ce a'a. Ta yi shiru can ta ce to kai me kake gani a garin. Wlh maganar nan ta tsaya min a rai, don iyakacina daga Bu'us (masaukin ɗaliban ƙasashen waje) zuwa aji daga aji zuwa Bu'us, sai in an ce juma'a mu je masallacin Azhar ko na Husaini mu dawo. Dan Allah wanda ya san tsohon garin ya faɗa min daga ina zan fara, kuma yini ɗaya zai isa?

Abu_Sumayya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Hajiya ta yi gaskiya Allah ya ƙara mata lafiya. Ni shekara shida na yi a can kafin in dawo Anguwan Rogo ina koyarwa, kuma yini ɗaya kam ba zai isa ba, kar ma ka soma. Ka fara da titin Mu'izz, ka shiga ta Babul Futuh ka gangaro da ƙafa har Bab Zuwaila, wajen kilomita ɗaya ne amma in kana tsayawa kana kallo sai ka shafe yini. Garin nan Jauhar Siƙilli ne ya kafa shi a 969 lokacin Faɗimiyyawa, Azhar ɗin da kake karatu a ciki an fara sallah a cikinsa tun 972, ka ga ya haura shekara dubu kenan.

Inda nake so ka daɗe shi ne ginin Sarki Ƙalawun, na wajen 1285. Makaranta ce da kabari da asibiti duk a haɗe, asibitin da ake duba mai kuɗi da talaka kyauta tun wancan zamanin. Ranar da na fara shiga ɗakin kabarin na ɗaga kai sama, hasken rana na shigowa ta gilasai masu launi yana sauka kan marmara, ni kaɗai sai wani tsoho mai shara, na fi rabin awa ban iya fita ba. In ka kai Bab Zuwaila ka hau hasumiyar, matakalar a matse take ga duhu amma daga sama za ka ga garin gaba ɗaya har Ƙal'ar Salahuddin, wato sansaninsa mai ganuwa. A ƙofar nan ne Turkawa suka rataye Tuman Bay, sarkin Mamluk na ƙarshe, a 1517.

Kuma kar ka ɗauka mu baƙi ne a wurin, tun da daɗewa ɗaliban Borno suna da ruwaƙinsu, wato sashen masaukinsu, a Azhar, Mansa Musa ma ta nan ya bi zai je hajji a 1324.

Ummu_Hanif_Kubwa:
Malam ya gama magana, ni dai in ƙara abin da ya shafi aljihu. Ka tafi da katinka na ɗalibi ko ina za ka, wuraren da ake yankan tikiti suna yi wa ɗalibai ragi. Ka fita da sassafe, ka sa takalmi mai sauƙin cirewa don kusan duk inda ka shiga masallaci ne. Kasuwar Khan Khalili kuma ka yi hattara, farashin farko ba farashi ba ne, ni a shekarata ta farko wani mai shago ya sayar min da turare na dawo masauki ƙawata ta nuna min irinsa sak da ta saya ƙasa da rabin kuɗin, har yau abin yana min ciwo don kuɗin abincina ne na sati. Ka yi ciniki da larabcinsu na kasuwa ba fusha (larabcin littafi) ba, kuma in kana jin yunwa ka fita daga layin ƴan yawon buɗe ido ka nemi kushari ko ful inda ƴan gari ke ci.

Amma fa kar ka bar masallacin Ibn Ɗulun, ni duk Alƙahira babu inda ya kai shi natsuwa a wurina, tun 879 aka gama shi, fili ne fetal ba hayaniya, hasumiyarsa matakalar ta waje take zagayawa.

Sadiq_Rikkos:
Ni shawarata ka bari sai sanyi ya shigo wajen Disamba ko Janairu, zafin garin nan in ka koma yanzu ba na yawo da ƙafa ba ne. Mu ƴan Jos ai sanyi ba ya hana mu fita. Masallacin Amru kuma ba ya kusa da Mu'izz, yana can Fusɗaɗ, ka hau metro ka sauka Mar Girgis ka taka kaɗan. Imamu Shafi'i shi ma ɓangarensa daban, cikin maƙabartar Ƙarafa, gara ka ware musu rana guda.

Dan_Gangare:
Allah ya saka muku da alheri, Malam Abu Sumayya da Anti Ummu Hanif da Sadiq na gode ƙwarai. Na karanta wa Hajiya duk abin da kuka rubuta, da na zo kan asibitin Ƙalawun sai da ta sa na maimaita mata. Ta ce in fara da Imamu Shafi'i tukuna in yi masa sallama in yi masa addu'a, sauran su biyo baya, kuma in ɗauko mata hoton ƙubbar a waya. Malam in ba damuwa zan leƙo Anguwan Rogo ranar asabar bayan la'asar ka zana min hanyar a takarda.